Takalmina a Ƙofar Zauren Jarrabawa

A unguwar Nima da ke Accra aka haife ni, a gidan da ba a shiga gaban malami da takalmi. Mahaifina yana karantar da manya a zaure, kullum silifas jere suke a bakin ƙofa, na attajiri kusa da na ɗan dako. Da wannan na tashi har wata jami'ar gwamnati a Turai ta ba ni gurbin karatun tarihi a shekarun tamanin.

Jami'ar tsohuwa ce ta gaske. Matakalanta na dutse sun lotsa saboda sawun ɗalibai, kowane bango kuma da hoton wani mai gemu da ya rasu tun kakannina ba su fara fataucin goro ba. Suna ji da al'adunsu, ban kuwa ga laifinsu ba.

Ajin yau da kullum da takalmina nake shiga, boko ne, na saba tun Accra. Jarrabawar ƙarshe ce ta bambanta. Ta baka ake yi, a tsohon zaurensu. Da aka buɗe ƙofa na hango dattijai uku cikin riguna masu faɗi, littattafai a gabansu. Ban san lokacin da na sunkuya na kwance igiyar takalmi ba.

Mai tsaron ƙofa ya tare ni. Dokarsu tun fil azal, in ji shi, sai da baƙin takalmi ake shiga. Wallahi har na miƙa hannu zan mayar. Sai ya yi dariya ya ce, “Nan ba ƙauyenku ba ne.”

Raina ya ɓaci. Na ce masa, “Ku da taku al'adar, ni da tawa.” Lokacina ya wuce ina tsaye da safa, aka ɗage mini jarrabawa wata shida, ga shi na riga na rubuta wa gida cewa da ni za a yi azumi. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Bayan wata shida na koma, na tarar da mutumin nan dai. Na cire takalmi a gabansa, na jera su, na tsaya. Babban cikin dattijan ya gaji da jira ya fito da kansa. Ya dubi ƙafata ya ce, “Ƙasan da sanyi fa.”

Na ce, “Na sani, ranka ya daɗe.”

Ya matsa gefe, na wuce.