Tatsuniyar da Iya Ba Ta Rufewa

A shekarun da Nasara suka fara zagaya ƙauyuka a kan doki, muna zaune a wani ƙauye kusa da Jahun. Da an ci tuwo sai mu kewaye murhun kakata Iya, tana gasa mana gyaɗa tana zuba tatsuniya. Yawancin tatsuniyoyin sun gudu daga kaina, ɗaya ce ta ƙi tafiya.

Wai wasu samari biyu ne suke kiwo tare, suna shan nono a ƙwarya ɗaya. Aka yi wa ɗayan maganar aure, ya ce shi ba ya son kowa sai abokinsa. Gari ya ɗauka, yara suka bi su da jifa, samarin suka kora shanunsu suka yi yamma. Nan Iya take yin shiru.

"Iya, sai me ya faru?"

"Ku tashi, ja'irai. Ai ba ta ƙare ba tukuna."

Ba ta taɓa ce mata ƙurungus ba. Wani lokaci mahaifina, malamin garin, yakan yi gyaran murya daga zaure ya ce, "Iya, a sake wata."

Sai da na girma goggona ta faɗa mini. Iya tana da ɗan fari, Habu, yayan mahaifina. Shi da wani marini suka shaƙu, irin shaƙuwar da garinmu ba ya yafewa. Aka daina cin abinci da su, aka daina amsa sallamarsu, har suka bar gari. Mahaifina ya hana a ambaci sunan a gidan.

Ita Iya dama kunyar ɗan fari ba ta barin ta faɗi sunansa, a bakin mutane take jin sa. Da aka hana, ta rasa har wannan.

Ranar sunan ɗana na fari na ce a sa masa Habu. Mahaifina ya murtuke. Na kai jaririn ɗakin Iya, lokacin idonta ya tafi. Ta shafa kansa ta ce, "Wa aka ce?"

Na faɗa.

"Ban ji ba, ɗan nan. Sake faɗi."

Kunnenta ƙalau yake. Baffa Habu bai dawo ba, ban taɓa ganinsa ba, amma ina kewarsa. Yanzu na gane jiransa take ya zo ya ƙarasa mata tatsuniyar.