Ɗakin Shagwaɓa

Baban Karnuka suke ce masa a wurin aiki, tun yana ɓata rai har ya koma amsawa. Shi ne mai ciyar da karnukan ɗakin gwaje-gwaje, inda ake son a gano ko wani farin gari mai zaƙi, wanda zai maye gurbin sukari, yana yi wa jiki illa. Aikinsa ya auna abinci a sikeli, ya wanke keji, ya riƙe ƙafar kare idan likita ta zo ɗibar jini. Karnuka masu jan kwano ana barbaɗa musu garin a abinci. Masu farin kwano kuwa abincinsu zalla suke ci.

Doka ce ba a raɗa wa kare suna, lamba kawai ake rataya masa a wuya. To amma akwai wata 'yar karya mai farin kwano, kunnenta ɗaya a lanƙwashe, wadda ba ta taɓa abinci sai ya tsaya a kanta. Da ya juya baya sai ta zauna ta zuba masa ido. A ransa ya sa mata Shagwaɓa.

Ya san makomar masu jan kwano: idan gwaji ya ƙare, a yi musu allurar da ba a tashi, a duba hanta da ƙoda. Amma Shagwaɓa, me za a nema a cikinta, ita da ko ɗanɗana garin ba ta yi ba? Bawan Allah bai tambayi kowa ba, ya yanke a ransa cewa sallamarta za a yi. Ya samo katako da kwanon rufi, ya haɗa mata ɗan ɗaki a bayan gidansa.

"Malam, da furfurarka za ka kawo mana kare?" in ji matarsa. "Mu da muka aurar da 'ya'ya muka huta."

"Ba ta da fitina. Za ki gani."

Ta gama mitarta, amma ita ce ta miƙo masa tsohon bargo ya shimfiɗa a ciki.

Ranar ƙarshe ya je aiki da sabuwar igiya a hannu. Likita ta dubi igiyar, ta sassauta murya.

"Baba, ai masu farin kwano su ne ma'auninmu. Idan ba mu ga cikin wanda bai ci ba, da me za mu gwada na wanda ya ci?"

Shi ya riƙe wa Shagwaɓa ƙafa kamar kullum aka yi mata allurar, don ba ta yarda da hannun kowa.

Yanzu ya daɗe da ajiye aiki. Garin ya shigo kasuwa, matarsa mai ciwon suga tana zubawa a shayi tana sa wa masu aikin albarka. Yana taya ta murna, har ga Allah, sai dai kewar nan ta ƙi sakinsa. Duk sanda matar ta ce a kwance ɗan ɗakin Shagwaɓa a samu wurin shanya, sai ya ce a bar shi tukuna. Bargon ma yana nan a ciki.