Bencunan Baya

Baba Ƙusa ake ce masa, don tun yana saurayi ba a raba bakinsa da ƙusa. Kafinta ne, kuma shekara arba'in shi ke gyaran bencunan cocinsu, wata ƙaramar majami'a mai rufin kwano a bayan tashar mota. Bai taɓa wa'azi ba. Waƙa kuwa, in ya buɗe baki, mawaƙa haƙuri suke ba shi. Shi dai a bar shi da katako.

Ana nan sai hedkwata ta aiko wata mai bincike da takarda shafi goma sha biyu, ta gano wace irin ikilisiya ce wannan: mai rai ce, ko a rufe ta a haɗa mutanen da babbar cocin cikin gari. Baba Ƙusa ya ji labari, abinci ya ƙi shiga. A nan aka ɗaura masa aure, a nan aka yi wa matarsa addu'ar ƙarshe.

Ran Lahadi mai binciken ta zauna a gaba ita kaɗai kamar mayya. Bencunan gaba shida wayam, jama'a duk sun cushe a baya dab da ƙofa, har fasto ya jawo mimbarinsa tsakiyar ɗaki. Ta rubuta: "Masu sanyin zuciya. Zaman masu shirin gudu." Dattawa suka yi ta shaida mata cewa su masu ƙauna ne. Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ji haka a coci talatin.

Da aka tashi, ta iske Baba Ƙusa durƙushe yana gyaran ƙafar wani benci.

"Sannu da aiki, Baba. Me ya sa kuke gudun gaba?"

Ya cire ƙusar daga baki, ya nuna matakala biyu da suka raba ɗakin tun da aka ƙara gini.

"Ba gudu ba ne, 'yata. Maman yara ce ta sami shanyewar ɓarin jiki, hawa ya gagare ta. Na ce in ɗauke ta, ta ce ita ba buhu ba ce. Sai ta zauna nan bakin ƙofa. Mako na biyu ƙawarta ta dawo wurinta. Sai zumuntar mata. Maza kuwa kin san mu, inda mata suka yi, nan muke yi. Fasto ya gaji da yi wa katako wa'azi, ya sauko."

"Kai da kake kafinta, ba ka yi mata dabara ba?"

"Na yi mata katakon hawa. Ran da na kawo shi, ba kowa a gaban."

"Ina take yanzu?"

"Shekara uku da rasuwarta."

"To me ya hana ku komawa?"

"Ba wanda ya yarda ya fara tashi."

Ta dubi ƙarshen bencin, ta ga an yanke ɗan gurbi na jingine sanda. Sai ta tuna, duk cunkoson ɗazu, ba wanda ya zauna a wurin.

Bayan wata guda wasiƙa ta zo. Ba za a rufe ba. Amma a kai bencunan gaba shida babbar coci, tunda sababbi ne fil kuma can mutane tsayuwa suke yi. Baba Ƙusa ya yi murna har ya kusa haɗiye ƙusa, ya loda su a mota da kansa. Sannan ya koma ciki, kewar matarsa ta cika masa zuciya. Ya zauna a bencin baya, ya ɗan matsa yadda ya saba, don ta sami wuri.