Ƙararrawar Gwani

Tun yana ƙarami yayana bai taɓa ɓata abu ba, sai dai abin ya ɓata kansa. Rediyon Baba da ya kwance, ai dama ta tsufa. Fankar falo da ya ƙona, laifin masu wuta ne. Mu muka laƙaba masa Gwani don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya rubuta a ƙofar shagonsa na gyaran waya, wanda ke jikin gidanmu.

Da ƙafafun Inna suka ƙi, muryarta kuma ba ta kai tsakar gida, sai Gwani ya sayo wata kwamfuta mai faɗin tafin hannu, da 'yan ƙafafun ƙarfe a jere a gefenta. Ya ɗaure maɓalli a jikin gadon Inna, ya ja doguwar waya ta bayan firji har shago. In ta danna, ƙararrawa ta kaɗa. Kowane baƙo sai an nuna masa.

Sai abin ya fara kaɗawa da kansa. Gwani ya bar kwastoma ya shigo a guje, ya tarar Inna na barci, ko tana jan carbi.

"Inna, me kike so?"

"Ni ban taɓa ba."

"To wa ya taɓa? Na'ura ba ta ƙarya, Inna. Tsufa ne."

Ya canja maɓalli. Ya zargi kyanwa. Ya zargi matarsa da sharar ƙarƙashin gado. Aikinsa kaɗai bai zarga ba. Daga baya in ta kaɗa ko tashi ba ya yi, sai ya ɗaga murya ta taga, a gaban mutane, "Inna, a yi haƙuri da wasan nan!"

Wata rana na dawo daga aiki na same ta a ƙasa tsakanin gado da bango, zaninta a jiƙe, maɓallin yana lilo daidai hannunta. Tun hantsi take nan. Na ce me ya hana ta dannawa.

Ta ce, "Na gaji da a ce na yi ƙarya."

Ranar ce Gwani ya zauna ya duba. Ashe ƙafar kwamfutar da ya haɗa da maɓallin ya bar ta sake, ba abin da ke riƙe ta, firji na tashi sai doguwar wayar ta kwaso motsin wuta, kwamfutar ta ɗauka an danna. Ɗan rizisto guda, ƙaramin abin daidaita wuta, ya saka, magana ta ƙare. Yanzu haka yake ba abokansa labari yana ƙyaƙyata dariya, wai ya kama ɓarawo. Ban ji ya ce wa Inna ta yafe masa ba, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Ƙararrawar ta daina ƙarya. Inna kuwa ta sa na kwance mata maɓallin daga jikin gado. In tana son ruwa, jira take sai wani ya gifta.