Fitilar da Ta Haska Suruki

A bayan tashar Konni, gab da magariba, wani dogo mai koɗaɗɗiyar shadda ya sa 'yar motarsa ta fuskanci bango, fitilu a kunne. Yana murza ƙusar fitila da turnabis, hasken yana gangarowa ƙasa. Daga gani bai daɗe da mota ba.

Wani mai shayi da ke gefe ya leƙo. "Malam, in ka ƙara sauke ta, tayarka kaɗai za ka gani."

Bai ɗago ba. "Jiya na shawo kwana, ta haske surukina. Yana ƙofar gida, loma a hannu."

"Subhanallahi! Ya gane ka?"

"Aje lomar ya yi."

Mai shayi ya koma wajen butarsa. Dogon ya ƙara murzawa, don yau ma ta ƙofar nan zai bi.