Katangar Kan Kwana

Shekarun baya, lokacin da na kammala ɗan gidana a Tudun Fulani da ke Minna, babu abin da ya tsaya mini a rai kamar katanga. Gidan a kan kwana yake, inda layinmu ya haɗu da hanyar da tifofin yashi ke bi. An yi sata a unguwar a lokacin, ni kuwa gwanin tsoro ne, sai na ce wa birkila ya ɗaga ta har sai dogon mutum ya miƙa hannu bai taɓo samanta ba.

Ana cikin aiki sai ga wani ma'aikacin tsara gine-gine da abin awo a hannu. Ya auna, ya ce, "Malam, ba a toshe gidan kwana haka. Ta gaban nan iyakarta ƙirji, sama a sa ƙarfe, don mai mota ya hango wanda ke fitowa daga layi." Na ba shi ruwan sanyi, na ce to. Yana juya baya na ce wa birkila ya ci gaba. A raina cewa na yi na goro yake nema, har ina jin kaina mai wayo.

Bayan wasu watanni mahaifiyata ta zo daga Kuta. Wata Asabar bayan la'asar ta ce za ta tsallaka wurin maƙwabciyarmu, wata nas 'yar kudancin Kaduna, ta auna mata jini. Ina tsakar gida ina wanke babur sai na ji ƙarar birki, doguwa, sannan ihun mata.

Ban san yadda na kai ƙofa ba. Tifa ce cike da yashi ta tsaya a karkace, hancinta dab da katangata. Abin da na fara gani takalmin Inna ne a ƙarƙashin taya. Na kasa sunkuyawa in leƙa, don ban san abin da zan gani ba. Bakina na ta salati amma ba na jin muryata.

"Baban yara! Zo nan, tana numfashi!" Maƙwabciyar ce ke kira daga cikin kwata. Ashe da Inna ta ja da baya can ta faɗa, hannunta na hagu ya karye.

Direban, wani dattijo, yana zaune a ƙasa yana cewa, "Wallahi ban gan ta ba. Ina shan kwana sai mutum a gabana. Bangon nan ya rufe komai." Mutane sun fara yi masa ca, na ce su ƙyale shi. Na san mai laifin.

A asibiti na faɗa wa Inna gargaɗin da aka yi mini na ƙi ji. Ta dube ni ta ce, "Ni tsohuwa ce, na ci zamanina. Da jikokina ne suka fito a guje fa?"

Kafin a sallame ta an sare katangar zuwa ƙirji.

Hannun ya warke, sai dai ba ya ɗaga buta cike. Ni kuwa har yau in tifa ta taka birki a ko'ina cikin Minna, sai na tsaya cak na lissafa mutanen gidana ɗaya bayan ɗaya, ina kowa yake.