Zagaye Huɗu Ne, Baba

Makon jiya ɗana ya turo min jadawalin gasar gudu ta jami'o'i, wadda ake yi a rufaffen fili idan sanyi ya kama a ƙasar da yake karatu. Ga ranaku, ga garuruwa, ga kuma wani rubutu da jaridar makarantarsu ta yi kan waɗanda ake sa ran za su taɓuka abin kirki bana. Sunansa na can wajen ƙarshen rubutun, cikin masu gudun mita ɗari takwas, an ce a sa masa ido. Na karanta layin nan ya fi sau goma. Amma bai haɗa da ko kalma ɗaya tasa ba, ko sallama. Na san dalili, domin ni na jawo.

Ni ma ɗan gudu ne a zamanina. A jami'a, can gida Najeriya, mita ɗari takwas nake yi, a filin da ake zana wa layi da farar ƙasa ranar gasa. Zagaye biyu ne, ba ƙari ba ragi. Ban taɓa wuce na uku ba, amma wanda ya ji ni ina ba da labari zai rantse da kofi nake kwana. Daga baya aikin ɗakin gwajin jini ya kawo ni Jidda, na zauna a unguwar Madain Fahd, tumbi ya fito, gudun ya koma baki.

A nan aka haifi yaron. Yana ɗan shekara tara muka je umara, da muka iso tsakanin korayen fitilun nan na Safa da Marwa inda maza ke sassarfa, sai ya zare hannunsa daga nawa ya cilla. Kamata ya yi in tsawata masa, wurin ibada ne. Amma ƙafafunsa na tsaya kallo, yadda yake taka ƙasa kamar ba ya son ya ɓata mata rai. Allah ya yafe min, addu'ar da ke bakina ma sai da ta ɓace.

Akwai wani fili a bayan unguwarmu inda ake ajiye manyan motoci. Na kwance igiyar shanyar matata mai mita goma, na auna sau arba'in, na jera duwatsu. Har yau idan mun yi saɓani sai ta tuna min da igiyar nan. Daga masallacin asuba muke wucewa can, domin a Jidda idan rana ta ɗaga ba mai hankalin da zai yi gudu, kuma ko da asubar ma gumi yake riga ka farawa. Ina tsaye da agogo a hannu, shi yana zagayawa. Idan mun gama mu gangara unguwar Nuzla mu sayi ful da tamis mai zafi, wato dafaffen wake da gurasa, ya cinye nasa ya sa ido a nawa.

Hausar yaron ta kunne ce. Yana jin komai, amma da Larabci yake amsawa, kamar sauran 'ya'yanmu da aka haifa a nan. A gida idan na matsa masa ya yi Hausa sai ya yi dariya ya gudu wajen uwarsa. A fili kaɗai Hausa ke aiki tsakaninmu. "Ɗaga gwiwa!" "Kar ka waiwaya!" Sai kuma babbar, wadda nake ajiyewa har ya shiga zagaye na biyu, in cika ƙirji in kwarara: "Saki ƙafa!" Da ya ji sai ya zama wani mutum daban. Wata rana wani direba da ke barci a motarsa ya leƙo ya ce min, "Ya hajj, yaƙi ake yi?" Yaron ne ya amsa masa, yana haki, da Hausa tsantsa: "Babana ne." Ban taɓa jin daɗin wata kalma kamar wannan ba.

Shekara tara muka yi a haka. Da ya gama sakandare ya samu gurbin karatu a ƙasar sanyi, suka ɗauke shi cikin 'yan gudun jami'a. Sai koyarwata ta koma waya. Ni kuma mutum ne da idan na fara bayani ba na ajiye numfashi. Kullum karatun ɗaya ne: zagaye na farko da kai ake yinsa, na biyu da zuciya. Na tuna sau biyu ko uku ya ce, "Baba, bas filin nan..." wato "amma filin nan", sai in katse shi in ce fili fili ne, ƙafa ce ke gudu. Ya ce, "Tayyib, Baba," wato to.

Gasarsa ta farko ta faɗo bara, tsakanin la'asar da magariba a agogonmu. Na tafi kasuwar Bab Makka shagon wani abokina mai sayar da yadi, Bahaushen Sudan ne, dattijo mai son raha, don in samu shaidu. Muka jingina wayata a jikin bandir ɗin shadda, maƙwabtansa biyu suka matso. Mun kashe sauti saboda masu ciniki. Na lura filin ya yi min ƙanƙanta, kwanoninsa kuma a karkace kamar gefen tasa, amma na ce aikin mai ɗaukar hoto ne.

Aka tashi. Zagaye na farko yana na huɗu, na ce madalla, haka na koya masa. Da suka shiga na biyu, tun ban buɗe baki ba sai ga yaro ya fito ta waje, ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, ya wuce na gaba. Na miƙe na kwarara "Saki ƙafa!" har wata mata da ke taya atamfa ta ja da baya. Ya tsallake layi yana gaba da kowa. Na fizge wayar, na fita daga hoton, na danna saƙon murya. Na yi kabbara, na yi masa kirari, na ce yau ya rama min duk abin da na kasa, na ce na ga yadda ya gama da su. Ni da na yi shekara tara da agogo a hannu, ban tsaya na tambayi kaina yadda aka yi mita ɗari takwas ta ƙare cikin ƙasa da minti ɗaya ba.

Abokina ya ce, "Ya Malam, wallahi mutanen nan ba su tsaya ba lokacin da ka ɗauke wayar." Na ce ai haka ake yi, ba a birki nan take. Na sa aka kawo wa kowa shayi, muka tafi sallar magariba ina ta karɓar barka.

Da muka fito na duba waya. Ya saurari saƙon. Ya amsa da layi ɗaya, da Larabci: na shida na zo, zagaye huɗu ne. A nan na san cewa rufaffen fili mita ɗari biyu ne, rabin namu. Inda na yi kabbara, nan ne tsakiyar tseren.

Da ni mai hankali ne da na ba shi haƙuri a take. Amma kunya ta kama ni, ni kuma kunyata faɗa take zama. Na kira shi na ce wane irin fili ne wannan kamar faranti, kuma me ya kai shi fitowa da wuri tunda ya san huɗu ne? Ya ce, "Halas, Baba," wato shi ke nan. Daga ranar ya daina yi min maganar gudu. Yana gaishe ni ranar Juma'a, da Larabci, a gajarce. Sauran gasannin bara a bakin uwarsa nake jin sakamakonsu. Da ya zo hutu, na ce mu leƙa fili da asuba, ya ce ƙafarsa na buƙatar hutu. Abin ya ci ni ƙwarai. Ba rashin kofi ne ke min ciwo ba, 'yar Hausar nan da ta rage tsakaninmu ce na ga tana tafiya.

Shi ya sa da jadawalin bana ya shigo na rasa inda zan sa kaina. Na nuna wa matata. Ta ce, "Malam, yaro ya turo maka takarda, kai kuma kana jira ya turo maka da haƙurin da kai ya kamata ka bayar?" Na ce ban tambaye ta ba. Ta tashi ta shiga ciki, ta fito da igiyar shanya ta ajiye a gabana.

Washegari bayan asuba na koma filin motocin. Rabinsa yanzu an gina, amma ragowar ya isa. Na auna sau ashirin, na jera duwatsu. Sannan na tattare jallabiya na gwada da sassarfa irin ta mai shekara hamsin da ɗoriya. Kafin ka miƙe ƙafa kwana ta zo, kafin ka fita daga wannan wata ta tare ka. A zagaye na uku na tsaya na dafa gwiwa. Na ɗauki hoton igiyar da duwatsun na tura masa, na danna saƙon murya na ce, "Na yi kuskure bara, kuma na ƙara da faɗa. Ka yafe min. Ban san filinku ba, koya min."

Sai bayan azahar amsa ta zo, ina wurin aiki, kuma murya ce. Ya fara da Larabci, da sauri, kamar wanda ya daɗe yana riƙe da magana. Ya ce bana gasa biyar zai shiga kafin ta ƙarshe, kuma sai lokacinsa ya kai za a ɗauke shi a waccan. Ya ce akwai wani dogo daga wata jami'a da ke fita da ƙarfi don ya ruɗa mutane, ba zai bi shi ba. Ya ce a ƙaramin fili wuce mutum a kwana asarar ƙarfi ce, kuma iskar ciki busasshiya ce, tana kankare maƙogwaro, har kewar gumin Jidda yake yi. Na jingina da bango ina saurare kamar ɗalibi.

Sai ya ɗan tsaya, ya koma Hausa, yana laluben kalmomi ɗaya bayan ɗaya. "Baba, bara ni ma... na san huɗu ne, wallahi na sani. Bas da na shiga na biyu, na ji muryarka a kaina. Ƙafa ta tafi da kanta." Ya yi 'yar dariya. "Ka yi min sabon saƙo. Mai huɗu. In saurara kafin a tashi."

Ashe tare muka yi kuskuren, ni a Bab Makka, shi a can.

Da yamma na ce wa matata ta raka ni fili ta riƙe min agogo. Ta ce tsufa ya zo min da sabon salo, amma ta ɗauko abayarta. Na tsaya wajen duwatsun, na danna saƙon murya. Ta ɗaga hannu, na ce, "Ɗaya, zauna a bayansu." Ta sake ɗagawa, na ce, "Biyu, riƙe, ba yanzu ba." Wannan ta yi min wuyar faɗa, bakina bai saba ba. "Uku, riƙe dai, ina nan." Da ta ɗaga hannu na huɗu na cika ƙirji kamar da, amma muryar ta karye a tsakiya, abin da ya fito bai fi raɗa ba. Na ce bari in goge in sake. Ta karɓe wayar daga hannuna ta tura masa a haka.

Kafin mu iso gida ya amsa, da Hausa, kalma uku: "Na ji, Baba."